Yadda Reshe Ya Cinye Sunan Tsahara

Kafin ku zauna, ku ɗaga kai ku dubi abin da ke rataye a ƙusa bisa teburina. A'a, ba laya ba ce, kuma ba maganin kasuwa ba ne, ko da yake na ji ɗayanku ya raɗa wa ɗan'uwansa haka. Busasshen itacen tattasai ne, da saiwarsa da komai. Daga gonar taubashiyata Tsahara ya fito, can Jiratawa, kuma ni Laminu na kashe shi, daga nan Sabon Garin Maradi, ina zaune kan kujerar nan, ko fartanya ban taɓa ba. Tun da kun zo kuna ce mini sana'ar nan wasan yara ce, wai yanzu mutum ya gaya wa na'ura abin da yake so ta rubuta masa kod kafin shayi ya tafasa, to bari in ba ku labarin itacen nan, sannan ku je ku tafasa shayinku.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shara ce. Maigidana Mushe Labo, Mushen Faransanci mai nufin Malam, yana da rumfar buga takardu a bakin kasuwa, da keken rubutu biyu, da ordinata guda, wato kwamfuta, da ake lulluɓewa da zane in an tashi. Wata shida ban taɓa ta ba sai da tsumma. Da ya ga ban fasa komai ba, ya yarda in zauna gabanta ina buga wa mutane takardar neman aiki da ta sayar da fili da katin suna. Mutumin nan ba shi da yawan magana, amma yana da rula ta ƙarfe da doka guda: tsakanin sashe da sashe a bar layi ɗaya babu rubutu. Ka manta, ka ji rula a bayan hannu, ko da mai takarda na tsaye yana kallo. Har yau in na gama sashe, yatsana da kansa yake sauka sau biyu, ko da jerin cefane nake rubutawa. Ku riƙe zancen fankon layin nan, za mu dawo kansa.

Kod kuwa ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Wani ɗan jami'a ne ya kawo littafin koyon kod na Faransanci a yi masa hoto, na yi masa, na yi wa kaina ma, injin namu kuma ya shafe rabin kowane shafi da baƙi. Da rabin da ake gani na koya, rabin da ba a gani na cike da kaina. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, in rubuta kod ɗin da alƙalami a littafin 'yan lakwal, irin na makarantar boko, in bi shi layi-layi da yatsa ina yin aikin na'urar da kaina. In an kawo wuta in buga in ga ko mun yi daidai da ita. Sau da yawa ba mu yi ba, kuma kullum ita ce da gaskiya. Ku kuwa rezon intanet ya yi jinkirin minti biyu, sai ku jingina da bango kamar an aiko muku da rasuwa.

Kayan aikina ga su nan, ba su cika buhu ba. Ordinatar nan ta gwanjo ce, haruffan tsakiya duk sun goge don latsawa. Batirin mota biyu a ƙarƙashin tebur da farantin rana a kan kwano, don kuran ɗin garin nan ba ya sallama in zai tafi. Ƙaramar fankar nan ba tawa ba ce, ta ordinata ce. In bazara ta kama, ita ake yi wa fifita, ni in ji da kaina. Tsohon burushin haƙori na share maɓallai. Sai kile uku, 'yan ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinata, da nake zuba aiki a ciki, ɗaya a aljihu, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya wurin matata cikin kwallar da ba ta bari kowa ya buɗe.

Reshe kuwa don kaina na yi shi. Mu masu rubuta kod muna da allon da muke rubutu a kai, edita muke ce masa, kuma yana yarda ka ƙera ɗan ƙari ka liƙa masa ya yi abin da masu shi ba su sa masa ba. Lokacin ina haɗa wa wani mai kantin magani tsarin kayansa, aikin ya yi mini yawa, na rasa kai na rasa gindi. Sai na rubuta ɗan ƙarin da zai bar ni in jera aiki haka: babban kai a sama, ƙananan batutuwa a ƙarƙashinsa, kowanne ya ɗan matsa ciki. Ka latsa kan, 'ya'yansa su naɗe su ɓuya. Ka sake latsawa, su warware. Ka kama kan a naɗe ka ja shi sama ko ƙasa, ya tafi da 'ya'yansa gaba ɗaya, kamar kaza da 'yan tsakinta. Na sa masa suna Reshe. Wata huɗu ya ci mini, naɗewar nan kaɗai sati uku. Na ga kuna murmushi. Ku yi, ai haƙoran naku ne.

Wanda ya fara ɗaukarsa Fasto Bitrus ne na Tibiri. Ya kawo mini ordinatarsa a bayan babur, naɗe cikin bargo, wai sai ta yi rabin sa'a tana nishi kafin ta buɗe takarda guda. Yana jira ina gyara, sai ya hango ni ina jan kawuna sama da ƙasa a allona. Ya leƙo ya ce, “Malam Laminu, ai wa'azina ke nan. Kai ukku, kowane da ayoyinshi.” Na sa masa editan, wanda ba shi da nauyi ko a tsohuwar na'ura, na liƙa masa Reshe, na ce kyauta ne. Bayan sati biyu ya dawo yana son haruffa su ƙara girma don ya riƙa gani daga nesa ranar Lahadi. Na yi masa. Ya sake dawowa yana son lambobi su riƙa gyara kansu in ya canza jeri. Na yi masa wannan ma, na kwana uku ina fama.

Daga shi sai Madam Rakiya, darektar wata lakwal a unguwar Zariya, wadda ke jera darussan azuzuwanta. Ita launi take so, kowane aji da nasa, kuma sau huɗu tana canza ra'ayi a kan kore. Daga nan abin ya bazu, malamai da sakatarori da masu rubuta rahoton porje, wato ayyukan raya karkara. Na ɗora shi a intanet ma, wasu baƙi da ban san ƙasarsu ba suka ɗauka, ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Aikin da ya fi faranta mini rai shi ne na Mushe Ishaya. Shi ne malamina na firamare, ya yi ritaya ya koma Jiratawa, wata ƙungiyar manoman rani ta naɗa shi sakatare. Ga yadda ruwansu yake. Injin ruwa ɗaya ne, kanal shida masu kai ruwa gonaki, kowane kanal da mutanen da gonakinsu ke bakinsa, kowa da ranarsa da sa'o'insa. Kanal ɗin da ke saman takarda shi ke shan ruwa a farkon sati, na ƙasa kuwa sai abin da kuran ya bari. Don kada a yi faɗa, duk Litinin sai a ɗauke na sama a mayar da shi ƙasa, sauran su matso. Da can Mushe da hannu yake sake rubuta sunayen nan duka kowane sati, idonsa kuma ya fara raunana. Na je har gida na jera masa: kanal shi ne kai, manoma su ne 'ya'ya. Na ce, “Mushe, naɗe, ja ƙasa, buga.” Ya gwada, ya ga aikin wuni ya zama na minti guda, ya tuɓe tabarau ya sa mini albarka. Tsahara tana kanal na huɗu, sunanta ne na ƙarshe, don gonarta ce a wutsiyar ruwan.

To, ni ma na karanta a littafi cewa mai ƙera abu ya riƙa jin ta bakin masu amfani da shi. Sai na sa ɗan akwati da ke fitowa bayan an buga takarda: taurari biyar ka zaɓa, da fili a ƙasa an rubuta, “Me ya dame ka?” In rezo ya samu, saƙon ya iso mini. Kun san abin da ke isowa? “Madalla.” “Allah ya ƙara basira.” “Ina gaida mutan gida.” Fasto ya aiko da addu'a mai layi tara. Wani ya tambaya ko zan samo wa ƙanensa aiki. Taurari kuwa biyar-biyar, shekara biyu cur, ko huɗu ban taɓa gani ba. Roƙo kam suna yi, a ƙara wannan, a ƙawata wancan, amma ba wanda ya taɓa cewa ga abin da ya lalace. Ni kuwa na riƙa karantawa ina kumbura, har na fara tafiya a Sabon Gari hannu a baya. A majalisa na taɓa cewa a duk faɗin ƙasar nan ba mai rubuta kod mai tsabta irin nawa, kuma ba wanda ya musa, don su ma mutanen Maradi ne.

Wata Talata a farkon bazara, da hantsi, ina zaune nan ina canza wa taurarin launi, don na ga ruwan zinariya zai fi dacewa da su. Sai ga ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur a ƙofa, mace ta sauko da daro a kai. Tsahara ce, ɗiyar gwaggona. Ku 'yan zamani ko kun san taubashi? Ɗan mace da ɗan namiji, tsakaninmu babu kunya babu kara. Ta zage ni gaban surukaina, in rama gaban mijinta, ba wanda zai ɗaga kai. Ko sallama ba ta yi ba. Ta sauke daron ta kife shi a kan maɓallan ordinatata. Itatuwan tattasai ne busassu, da ƙasa a saiwarsu.

“Ga rabonka, bawana,” in ji ta. “Ci.”

Na ce, “Ke Tsahara, haukan naki ya kai nan? Ƙasa cikin na'ura?”

“Na'urar banza na'urar wofi! Sati ukku ke nan rabon gonata da ruwa. Na tahi ɗakin injin, mai buɗe ruwa ya ce ba sunana bisa takarda. Na ce kai wane, yau ka fara ganina? Ya ce tun rigimar bara anka ce mishi takarda kaɗai zai bi, ko uwatai ce. Na tahi wurin Sa'idu, mataimakin Mushe, tun da Mushe ya tahi aikin ido. Sa'idu ya ce ordinata ba ta mantuwa, in ba ni ciki to Mushe ya hidda ni da dalili, in jira shi.”

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

“Ban gama ba. Ni da ɗiyana mata munka dinga jido da bokiti daga rijiyar bakin hanya, har wuyanmu ya sage. Bokiti ya shayar da fangali nawa? Tattasai na cikin fure, Laminu. Jiya na zauna ƙofar biron Sa'idu na ce ba ni tashi. Da ya gaji ya ce in tahi in tambayi wanda ya ƙera abin, ai ɗan kawuna ne. Na ce a'aha, ashe ɓarawon na gida ne!”

Kun san abin da na yi? Na kakkaɓe ƙasar, na juya mata allon, na nuna mata taurari. Wallahi haka na yi. Na ce, “Duba nan. Shekara biyu ba wanda ya kawo kuka. Mushe Ishaya da kansa biyar yake ba ni duk sati.”

Ta dubi allon, ta dube ni. Ta ce, “To ɗebo su ka zuba mini a gona.”

Sannan ta zauna a kan bencin da kuke zaune, ta ce rabin gonar ya tafi, rabi yana da sauran rai, kuma jibi Alhamis ne ranar kanal ɗinsu. In Alhamis ta wuce ba ruwa, shi ke nan noman bana. Ta ce ba ta barin shagon sai da sunanta.

Na ce bari in nuna mata ba laifina ba ne. Na rubuta kai uku, kowanne da sunaye, na naɗe na sama, na ja ƙasa, na warware. Komai na nan. Na sake, komai na nan. Sau goma na yi, ina yi ina kallonta ta gefen ido. Ta ce, “Nan gidanku ne, dole ya yi maka ladabi. Taso mu tahi ka yi shi can.” Na rufe shago na goya ta a babur, tun daga Sabon Gari har Jiratawa tana zagina a kunne, har da laifin da na yi mata muna yara.

A biron ƙungiyar, wato ofishinsu, Sa'idu ya buɗe mini ordinata yana hura hanci. Na dubi rubutun Mushe. Sunaye a matse, kanal na bin kanal, babu fankon layi ko ɗaya, don yana son duka su shiga takarda guda kada a ɓata ta biyu. Na ƙirga mutanen kanal ɗin da ke sama, na naɗe, na ja ƙasa, na warware, na sake ƙirgawa. Saura ɗaya babu. Na ƙarshen ya tafi, ba ƙara, ba gargaɗi, ba komai.

Ga abin da ya faru, kuma ku buɗe kunne, don irinsa na jiran kowannenku. Na'ura daga sifili take fara ƙirga. Ni kuwa a wuri ɗaya tak, wurin da Reshe ke sauke abin da ya ɗauko, na fara daga ɗaya. Sai ya zama yana ɗaukar layuka duka, yana sauke su saura na ƙarshe. A wurina layin ƙarshe kullum fankon nan ne na Mushe Labo. Shekara biyu yana cinye mini fanko ina tafa wa kaina. A wurin mutanen da ke tattalin takarda kuwa, layin ƙarshe mutum ne. Litinin uku Sa'idu ya ja kanal, mutum uku suka ɓace, Tsahara ce ta farko. Sauran biyun ko ƙofar biro ba su zo ba. Ɗaya ya ce haka Allah ya so, ɗaya yana satar ruwa daga fangalin wansa.

Gyaran bai kai kwatan sa'a ba. Lamba ɗaya na canza. Muka ciro tsohuwar takarda daga bango muka mayar da sunayen, Sa'idu ya buga sabuwa, yana cewa shi da ma ya ji a jikinsa. Alhamis ruwa ya shiga gonar Tsahara, ina tsaye a bakin fangali da takalmin biro. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Amma furen ya riga ya kakkaɓe, yana nan zube a gindin itatuwan ya yi baƙi. Abin da ta tsinka a ƙarshen noman nan bai cika daron da ta kife mini ba.

Mushe Ishaya ya dawo a ƙarshen satin, ido ɗaya a rufe da auduga. Na je gaishe shi, na durƙusa, na fara kame-kame yadda zan gaya masa abin da Reshe ke yi, don kada hankalin tsoho ya tashi.

Ya ce, “Na sani, ɗana. Tun satin farko.”

Na ce, “Ka san mi, Mushe?”

“Shina cin na ƙarshe. Shi ya sa duk Litinin, kamin in ja kanal, sai in rubuta Goje a ƙasa.”

“Wane ne Goje?”

“Jakina. Abin naka ya canye Goje, mutanena su tsira. Sati guda na yi niyyar yi wurin likita, na buga takardar satin na aje. Sai sunka riƙe ni wata.”

Na ce to me ya hana ya gaya wa Sa'idu kafin ya tafi. Ya ce bakin Sa'idu ba ya rufuwa, kafin la'asar duk Jiratawa ta ji aikin Laminu na da aibi. Na ce to ni fa, ni da na sa masa akwati a gabansa duk sati ina tambaya me ya dame shi?

Ya ce, “Yaro ya girma, ana ce mishi injiniya, ya kawo maka abu kyauta har gida, ko ruwan mai bai bari ka zuba mishi ba. Sai in dube shi in ce abinka da tsutsa a ciki? Da wane baki?”

Na ce, “Mushe, kai ne fa ka zane ni gaban aji don na ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne.”

Ya ce, “Wancan aikina ne. Wanga kyautarka ce.”

Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, na rasa wanda zan fara ji. Washegari na hau babur na bi su ɗaya-ɗaya. A Tibiri na ce wa Fasto ya buɗe mini wa'azinsa na jiya. Ƙarƙashin kowane kai, a layin ƙarshe, ya rubuta Amin. Na nuna da yatsa. Ya yi dariya ya ce ai ya lura abin na son ɗan lasawa in an ja shi, shi kuma Amin ba ta ƙare masa. A Zariya Madam Rakiya ɗigo-ɗigo take jerawa a ƙarshen kowane aji, har ta koya wa sakatariyarta, a zatonta haka ake amfani da shi. Duk wanda na je wurinsa yana da Gojensa. Kowa ya sani, daga Tibiri har Jiratawa, ban da mai abin. Kuma kowannensu sai da ya rako ni bakin ƙofa yana cewa aiki ya yi kyau.

Ƙungiyar ta kira taro a gindin itacen bedi kusa da ɗakin injin, aka ce in zo in yi bayani. Na sa babbar riga. Na ba da haƙuri, na ce an gyara, na gwada sau ɗari da rubutu a matse, daga yau ba sai an sa Goje ba. Mutane suka fara “ba komai, ba komai, Allah ya kiyaye gaba,” wanda ya ce haka Allah ya so har yana riƙe mini hannu. Sai Tsahara ta miƙe daga cikin mata tana gyara ɗaurin zane.

“Wa ya ce ya gyaru? Shi. Wa ya ce da lahiya lau yake? Shi da taurarinshi. Ni ban yarda ba. Jakin Mushe bai yi wa kowa laihi ba, a bar shi ya huta. A rubuta sunan wanga a ƙasan kowane kanal, duka shida, a buga shi bisa takarda kowa ya gani. In abin ya ji yunwa, ya fara da ubangidanshi. Kai kuma mai buɗe ruwa, duk Litinin ka ƙirga. In Laminu bai cika shida ba, kada ka liƙa takarda, a kira shi ya zo da ƙafarshi.”

Wuri ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Shugaban ƙungiyar ya share hawaye ya ce wannan magana ce, a rubuta. Mushe Ishaya, malamina, wanda ya rufa mini asiri shekara biyu, shi ya zauna ya buga sunana sau shida da ido ɗaya, bai ko dube ni ba.

Na dawo na cire taurarin ranar nan, da ruwan zinariyarsu da komai. Yanzu in na yi sabon gyara ba na tambayar kowa yaya aiki, don na san amsar tun kafin in gama gaisuwa. Zuwa nake in ce, “Yi aikinka yadda ka saba, ni shayi na zo sha.” In zauna a bayansa in zuba wa hannunsa ido. In na ga ya yi wani ɗan abu da ban koya masa ba, ya latsa sau biyu inda ɗaya ya isa, ko ya rufe ya sake buɗewa, ko ya yi bisimilla kafin ya taɓa wani maɓalli, to nan zan tona. Da haka na kama aibi huɗu bara, kuma duka huɗun masu su sun rantse mini ba abin da ke damunsu.

Tsahara ta tuge ragowar tattasan ta shuka zogale a wurin. Ni na yi mata dashen fangali biyu, hannuna ya yi kanta, ta ce ko bawa ma an yi mata ha'inci wurin zaɓe. Itacen nan guda na ɗauka daga cikin daron na rataye. Har yau ko a gidan suna muka haɗu, daga nesa za ta ɗaga murya, “Bawana, kana nan ƙasa?” In ce ina nan. Ta ce, “To zauna nan.” Duk Litinin da safe talhona, wayar hannun nan, na kan tebur, fuska sama, ba na sa shi a aljihu sai azahar ta wuce.

To, kun ce kuna son aiki da ni, kun ce ma za ku sake rubuta Reshe daga farko cikin kwana biyu, ya fi nawa sauri. Madalla, Allah ya ƙara basira. Ga alƙalami, ga takarda. Wanda ya shirya a cikinku ya rubuta cikakken sunansa, gobe in kai wa Mushe Ishaya. Akwai wuri a kanal duka shida, a ƙasan nawa.